Kurakuran da aka fi yi wajen maida tsohuwar mota ta lantarki a gida

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 motoci da yawa suka kwanta a lungunan Kano, yanzu kuma hira ta koma yadda za a sauke injin fetur a ɗora na lantarki, balle da aka ga yadda Mustapha Gajibo ya maida ƙananan bas na lantarki a Maiduguri. Aikin yana yiwuwa wallahi, amma kusan kowa wuri ɗaya yake tuntuɓe.

Tun daga zaɓen mota ake fara ɓata lissafi. Mutum ya ɗauko ƙatuwar jif ko mota otomatik don ita ce ke ajiye a gida, alhali nauyi shi ke cinye batir, kuma giyabos ɗin otomatik yana so injin ya riƙa juyawa ko a tsaye kake. Nemi ƙarama mai giyar hannu irin su Golf ko Starlet, wadda ƙasanta bai ci tsatsa ba. Ƙarfen da zai haɗa injin lantarkin da giyabos kuma a kai wa masu tanin su auna su yanka, in mai walda ya yi shi da ido kawai to girgiza za ta cinye boris cikin ɗan lokaci.

Babban ramin shi ne batir. Jama'a suna fara sayen injin da kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa gudun injin, sai kuɗi ya ƙare a ce bari a lallaɓa da batiran inbata. Mu yi lissafi mana. Ƙaramar mota tana shan wajen kilowat-awa 15 a tafiyar kilomita 100. Batirin inbata mai 200Ah 12V yana ɗauke da kilowat-awa 2.4, kuma rabi kawai za ka iya sha in ba so kake ya mutu da wuri ba, ke nan kana buƙatar wajen guda 12, kowanne kusan kilo 60, ka ga ka loda wa motar sama da kilo 700 tun kafin direba ya shiga, sifirin da shokozoba da birki duk ba don wannan kayan aka yi su ba. Gyaran shi ne ka fara auna zirga-zirgarka ta gaskiya, in daga Hotoro zuwa Kantin Kwari ne ka dawo ba sai ka haɗa batirin zuwa Kaduna ba, sannan ka tara kuɗin batirin lithium irin LiFePO4, ya fi jure zafi. Su kuma masu tsintar tsofaffin batiran laftof wajen 'yan gwangwan suna haɗawa babu BMS, don Allah ku bari. BMS na'ura ce da ke lura da kowane sel na batir kar ya cika ya wuce ƙa'ida ko ya zube ƙasa, kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, batir a kulle cikin but babu iska gobara ce ake kiwo. A sa fanka, a yi masa akwatin ƙarfe ɗaure da shasi, a ɗaga shi yadda ruwan Agusta ba zai taɓa shi ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne birki. Injin fetur ne ke samar da bakyum, wato zuƙar iskar da sabo (tukunyar da ke sa birki laushin taku) ke aiki da ita, da ka sauke shi birki zai yi tauri kamar dutse bayan taku biyu ko uku, sai ka zo shataletale adaidaita sahu ya yanko maka. Dole a sa famfon bakyum na lantarki da ɗan tankinsa. Haka fawa sitiyari, haka altaneto, duk injin fetur ne ke juya su, tunda babu altaneto sai an sa DC-DC kwanbata da zai riƙa cajin ƙaramin batirin fitila da hon.

Sai masu cewa a ɗaura altaneto a taya mota ta riƙa cajin kanta tana tafiya. Ba ya aiki, wutar da zai ba ka ba ta kai wadda zai ja daga batirin ba. Fanel ɗin sola ɗaya a saman mota ma in ya sha rana wuni guda abin da zai ƙara maka bai wuce kilomita goma da ɗoriya ba, gara ka jera fanel a rufin gida. Soket mai 13A kuwa wajen kilowat 3 yake bayarwa, cika kilowat-awa 15 zai ci sama da awa biyar, kuma a ja masa waya mai kauri tasa daban.

Riwayanmu sun saba ɗaura negatif a jikin bodi, a 12V ba laifi, amma babban batir mai 72V ko 96V ko 144V kar ya taɓa bodi ko kaɗan. Fis ya zama na DC, ba na gida da ake saya a Sabon Gari ba, a sa kwantakta, wato makunnin da ke haɗawa da yanke wutar babban batir, da makunnin gaggawa inda hannun direba zai kai. Cire zobe da agogo, naɗe sufana da tef. Ranar gwaji a ɗaga tayoyin a kan jak tukuna, in komai ya yi daidai a fita layin unguwa da sassafe a gwada birki sau da yawa kafin a hau Zoo Road.