Kafin ka zagi rezo: kurakuran masu haɗa na'urar tura SMS

Bara wata ƙungiyar manoman albasa ta kira ni nan Tahoua, wai kredinsu na ƙarewa kamar ana zuba ruwa a kwando. Na'urarsu ƙaramar kwamfuta ce mai Linux, da modem na USB mai ɗauke da SIM, da manhajar tura SMS mai suna Kannel, suna tura wa membobi farashin buhu daga Galmi. Shugaban ya rantse kamfanin waya ne ke cin su. Na ce, "Alhaji, bari in ga saƙon tukuna." Layin farko: "Kuɗin buhu yau." Ashe ɓarawon na cikin gida.

SMS ɗaya na ɗaukar harufa 160 in an tsaya a baƙaƙen GSM na asali, wato jerin harufan da SMS ya sani tun farko, amma ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikinsu. Wanda ya haɗa musu, don kada lanƙwasa ta koma alamar tambaya, ya sa coding=2 a Kannel, wato UCS-2, tsarin da ke karɓar ƙ da ɗ da ɓ. Nan take 160 ta koma 70. In saƙo ya zarce haka a yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace harufa 67, kowace kuma da kuɗinta. Saƙonsu mai harufa 150 sau uku ake biyansa. Ina son lanƙwasarmu, don ƙasa ba kasa ba ce, amma a SMS zaɓi biyu ne: ko ka taƙaita zuwa 70, ko ka cire coding=2 ka rubuta "kudin". Masu Faransanci ma ba su tsira ba: é da è na wucewa, ê da ô ba sa wucewa. Haka ɗan wakafin sama mai lanƙwasa da Word ke sakawa cikin 'yan'uwa, ido bai ganinsa.

Sai lambobin waya. Namu na Nijar alƙaluma takwas ne, lambar ƙasa 227. Wani ya rubuta da 00227, wani da +, wani ya bar sarari tsakanin bibbiyu yadda muka saba. Mayar da su duka fasali ɗaya kafin turawa. In ta adireshin intanet kake miƙa wa Kannel, + na rikiɗewa ta zama sarari, sai ka rubuta %2B.

Modem ya yi shiru? Tambaye shi da kanka da umarnin AT, kalmomin da ake rubuta wa modem kai tsaye. AT+CPIN? zai gaya maka ko SIM na jiran PIN. Cire PIN ɗin a waya tun farko. AT+CSQ na ba da ƙarfin rezo daga 0 zuwa 31, in ka ga 99 bai ji komai ba, ja shi kusa da taga da doguwar igiya. AT+CSCA? na nuna lambar cibiyar saƙo. In babu ita za ka ga kuskure 330, ka nemi ta kamfanin da ke da SIM ɗin, kada ka kwafo ta wani.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na bayan ɗaukewar wuta. Kwamfuta ta tashi, sunan da Linux ke ba modem ya tashi daga ttyUSB0 ya koma ttyUSB1, Kannel na ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa. Yi amfani da sunan da ke cikin /dev/serial/by-id, shi bai canjawa. Kashe ModemManager ma, manhajar Linux mai kula da modem, yana rigan ka kama modem.

Kuma "an karɓa" ba "ya isa" ba ne. Amsar farko ta Kannel na nufin saƙo ya shiga layi kawai; sa dlr-mask=31 da dlr-url, masu kawo rahoton isar saƙo, ka ga wanda ya sauka a waya.

In membobi sun kai dubbai, SIM ɗaya ba zai ɗauka ba, ana ma iya rufe shi a zaton tallan banza ne. Je wurin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms ka tambayi haɗin SMPP, wato haɗa kwamfutarka kai tsaye da cibiyar saƙonsu. Can ne sunan ƙungiya zai iya fitowa a madadin lamba, muddin bai wuce harufa 11 ba, don haka a yanke wanda za a sa kafin a tafi.