Yadda Ake Ɗaura wa Mota Sufacaja a Gida

Da iska injin fetur yake rayuwa. Idan an bar shi yadda ya fito daga kamfani, iyakar abin da zai zuƙa shi ne abin da nauyin iskar sarari ya tura masa, wato psi 14.7 a daidai bakin teku (psi ma'aunin matsin iska ne). Sufacaja famfo ce da bel ke juyawa daga karanshaf, wato babban sandan da fistin ke juyawa a cikin inji, tana yi wa injin ɗurar iska fiye da yadda zai iya zuƙa da kansa. In ta ƙara psi 7, a lissafi iskar ta ƙaru da kusan rabi, amma ƙarfin da zai isa taya bai kai haka ba, domin iskar da aka matse zafi take yi, kuma famfon ma yana cin rabonsa. Ta fi turbo, wato famfon iska da hayaƙin inji ke juyawa, sauƙin ɗaurawa a gida saboda ba ruwanta da bututun hayaƙi. Sai dai ka sani tun yanzu: ɗaure noti ba shi ne aikin ba. Fetur da saitin kwamfutar mota su ne aikin.

Mataki na farko: auna lafiyar injin

Jaki mai ɗingishi ba a ƙara masa kaya. Kafin ka sayi komai, kwance fulogogi ka auna matsin kowace silinda. Kada tazarar da ke tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni ta wuce kamar kashi 10 cikin 100. Injin da ke shan baƙin mai, ko yake fitar da shuɗin hayaƙi, ko yake zafi a cunkoso, gyara yake nema, ba ƙarin ƙarfi ba. Duba lagireto, ka kuma tuna kuloci da giya da birki duk za su ji a jikinsu.

Na biyu: zaɓen na'ura

Iri uku ne. Akwai Roots, wadda ta samo suna daga wasu 'yan'uwa biyu na jihar Indiana a Amurka da suka yi rajistar famfonsu na hura iska a 1860, tun babu motar da za a saka wa. Kamfanin Eaton ya shahara da ita, kuma tana ba da ƙarfi da zarar ka taka totur. Akwai mai murɗaɗɗun sanduna biyu, irin ta Whipple, wadda ke matse iskar a cikin kanta. Waɗannan biyun a saman inji suke zama, don haka auna ko bonet zai rufu. Ta ukun mai fanka ce kamar rabin turbo, irin ta Vortech da ProCharger da Rotrex. A gefe ake ɗaura ta, kuma sai inji ya ɗau gudu take nuna kanta.

Shawarata ita ce ka sayi cikakken saiti da aka ƙera don injinka, mai ɗauke da maƙalai da bel da tiyo-tiyo da takardar bayani. Tsinto tsohuwar na'ura daga wata mota ka ce za ka ƙera mata mazauni, wannan sai mai injin yankan ƙarfe da dogon haƙuri. Inji da ba a canza masa fistin ba, psi 6 zuwa 8 ya ishe shi. Ka binciki dokar hayaƙi ta inda kake da sharuɗɗan inshora; a Kalifoniya, alal misali, sai kayan da hukumar kula da iska ta ba lambar izini ake hawa titi da su. Garantin kamfani kuwa, kada ka sa rai da shi bayan wannan aiki.

Na uku: kwancewa

Bari inji ya huce. Zare fiyus ɗin famfon mai, ka tayar da mota har ta mutu da kanta, don matsin da ke cikin bututun fetur ya sauka. Sannan cire wayar batir ta nagatif. Ɗauki hoton komai da waya kafin ka taɓa, ka liƙa wa kowace waya da kowane tiyo alama. Idan ka ɗage manifol, wato bututun da ke raba wa silindu iska, nan take ka toshe ramukan shigar iska da tsumma mai tsabta. Noti ɗaya ya faɗa ciki ba ka gani ba, to, inji ya gama yawo. Ƙirga tsummokaran, don ka ƙirga su kuma lokacin cirewa.

Na huɗu: mai

A nan ake asarar injuna. Ƙarin iska ba tare da ƙarin fetur ba yana sa wuta ta yi zafi fiye da kima, cakudar ta riƙa fashewa ba bisa tsari ba. Za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wani lokacin ma ba za ka ji komai ba sai fistin ya fashe. Saka manyan injektocin da suka zo da saitin, ka shafa wa robobinsu ɗan mai kada su yage, ka canza famfon mai idan takarda ta ce haka. Fulogi ma a koma ga mai jure zafi, a rage masa tazarar baki, domin tartsatsi yana shan wahalar tsallakawa cikin matsattsiyar iska. Daga yau kuma motar ba ta shan fetur sai mai babban oktan, wato wanda ba ya saurin fashewa in an matse shi.

Na biyar: ɗaurawa

Sabon gaskit, tsabtataccen mazauni, sannan a ɗaure notuna da sifana mai awo, bisa jerin da takarda ta nuna. Wasu masu fanka suna da baƙin mansu a ciki, wasu kuma daga inji suke sha, har sai an huda kaskon mai don ya koma. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fulayen, wato ƙafafun da bel ke hawa, ka tabbata suna layi ɗaya, in ba haka ba bel zai riƙa kuka yana cinyewa. Haɗa na'urar sanyaya iska. Idan mai ruwa ce, fitar da kumfar iska daga bututunta har ka ga ruwa na zagayawa. Kada ka manta da ƙaramin tiyon da ke sarrafa bawul ɗin da ke sakin rarar iska idan ka ɗaga ƙafa daga totur.

Na shida: saiti da gwaji

Kwamfutar motar ba ta san ka canza injekta ba. Loda mata sabon saiti kafin ka tayar, ko dai wanda ya zo da kayan, ko na ƙwararre. Wannan ɓangaren ba na son a yi shi da ka. Murza makulli sau biyu ko uku ba tare da tayarwa ba, ka duba ko fetur na ɗiga, da abin kashe gobara kusa da kai. In ta tashi, bar ta tana aiki a tsaye, kana kallon bel da zafi.

Saka agogon da ke nuna yawan iska da mai. A tafiyar yau da kullum zai tsaya wajen 14.7, wato nauyin iska 14.7 ga kowane nauyi ɗaya na fetur, amma idan ka danne totur a yawancin injuna ana so ya sauko wajen 11.5 zuwa 12. In ya ƙi saukowa, ko ka ji ƙarar gwangwanin nan, ɗaga ƙafa nan take. Mafi kyau ka kai ta kan na'urar gwajin ƙarfi a daidaita ta sosai.

Bayan 'yan kwanaki zuciya za ta raya maka ka saka ƙaramin fuli, tunda yana ƙara matsi. Yana ƙarawa, amma da zafi, kuma dole a sake saiti gaba ɗaya. Kafin nan, sake bin notuna da maɗauran tiyo, ka duba bel, ka kwance fulogi ɗaya ka karanta bakinsa: idan ya yi fari fat ko ya yi ɗige-ɗige, ajiye motar har a gyara saiti, a ƙara yawan fetur ɗin da ke shiga inji.