Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Kwamfuta Ta Yi Nauyi Bayan An Ɗora Mata Sabuwar Windows

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, masu kwamfuta da dama a Kano suka shiga neman wanda zai ɗora musu Windows 11, wasu a shagunan Beirut Road, wasu a Farm Centre, wasu kuma ɗan uwa ne ya zo da filasha ya yi musu aikin a gida. Kukan da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: na'urar da aka sa ran za ta ƙara kuzari sai ta ƙara nauyi, a kunna ta a jira, a danna abu a jira, wani lokaci ma ta daskare gaba ɗaya. Maganin da aka fi gaggawar kawowa shi ne a sake yi mata fomat, wato a goge komai a sake ɗora Windows, alhali fomat ba ya nuna inda ciwon yake, kuma idan dalilin nauyin yana jikin kayan na'urar ne, ko sau goma aka maimaita shi nauyin zai dawo yadda yake.

Kuskuren farko shi ne yanke hukunci tun ranar da aka ɗora manhajar. Sabuwar Windows tana da ayyuka masu yawa da take yi a ɓoye: tana sauke sabunte-sabunte, tana neman direbobin sassan na'urar, wato ƙananan manhajojin da ke sa kowane sashe ya yi aiki da Windows, tana jera sunayen fayiloli domin bincike ya yi sauri nan gaba, kuma Microsoft Defender, manhajar tsaron Windows, yana bin kayan da ke ciki yana dubawa. A inda wuta da intanet suke tsaye, wannan hidima ba ta daɗewa, amma a wajenmu ana ɗauke wuta aikin ya katse, ko mai na'urar ya kashe data don tsoron kada ta ƙare, sai hidimar ta yi ta jan ƙafa har tsawon makonni. Gyaran shi ne a ware lokaci guda, a jona caja, a samar da isasshiyar data, a buɗe Windows Update a bar shi ya gama, a sake kunna na'urar duk lokacin da ya buƙata, har sai ya nuna babu saura. Bayan nan ne ake iya sanin ainihin gudun kwamfutar.

Idan an gama wannan kuma nauyin yana nan, bai kamata a kashe ko kwabo ba sai an duba Task Manager, wanda ake buɗewa ta hanyar danna Ctrl da Shift da Esc a tare. A sashen Performance akwai ma'aunai uku da suka fi muhimmanci: CPU, wato ƙwaƙwalwar sarrafa aiki, da Memory, wato ram, inda na'ura ke riƙe abin da take aiki a kai a lokacin, da Disk, wato ma'ajiyar bayanai. A buɗe abin da aka saba aiki da shi, sannan a zuba ido a ga wanne ne ke cika. Wanda ya tsaya a kashi 90 zuwa 100 cikin ɗari alhali sauran biyun suna ƙasa, shi ne mai laifin. Yawancin asarar kuɗin da ake yi a wannan harka daga tsallake wannan mataki take, domin sai mutum ya sayi ƙarin ram alhali ram ɗinsa ko rabi bai cika ba.

A kwamfutocin hannu da suka cika kasuwanninmu, mai laifin da aka fi kamawa shi ne tsohon had dis mai juyawa. A cikinsa akwai faifai da ke juyawa, yawanci sau 5,400 a minti a laftof, da wani ɗan hannu da ke kai-komo yana karanta bayanai. Windows 7 tana iya haƙuri da wannan tsari, amma Windows 10 da 11 suna yawan karanta ƙananan fayiloli daga wurare daban-daban a lokaci guda, abin da had dis ya fi rauni a kai ke nan. Shi ya sa za a ga Disk ya kafe a kashi 100 ko da ba a buɗe komai ba. Ma'ajiyar SSD ba ta da abin da ke juyawa. Ko ta gama-gari mai jonin SATA tana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, had dis kuwa yana wajen 100, kuma tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba idan ana maganar ƙananan fayiloli. A ganina, babu gyaran da ya kai maye gurbin had dis da SSD amfani ga tsohuwar laftof, ko da mai gigabait 256 ce. Tsohon had dis ɗin kuma ba asara ba ne, ana iya sa shi a ɗan akwatinsa na USB ya zama wurin ajiya, in dai ba ya ƙarar ƙas-ƙas ko daskarewa wajen kwafar fayil, domin waɗannan alamu ne na cewa ya kusa mutuwa kuma a gaggauta kwashe abin da ke ciki.

Batun ram bai da tsawo. Microsoft ya ce gigabait 4 shi ne mafi ƙaranci ga Windows 11, amma wannan na nufin za ta tashi ne kawai. Da zarar an buɗe Chrome da shafuka shida tare da Word, sai ram ya cika, manhajar ta koma aro daga ma'ajiya. Gigabait 8 ne ya dace da aikin yau da kullum. Wanda ya koma Windows 10 kuma ya tabbatar mai bit 64 aka sa masa, domin mai bit 32 ba ta iya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, ko da 8 ne a cikin na'urar.

Sai direbobi, waɗanda ake yawan mantawa da su saboda allo ya kawo hoto kuma sauti yana fita. A buɗe Device Manager a duba ko akwai wata alama mai launin rawaya, sannan a duba ƙarƙashin Display adapters. Idan aka ga an rubuta Microsoft Basic Display Adapter, to direban hoto na gaskiya bai hau ba, kuma CPU ne ke ɗaukar aikin da ba nasa ba, shi ya sa bidiyo ke tsinkewa, jan shafi ƙasa ma ya zama wahala. Wurin da ya dace a samo direba shi ne shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, HP ko Dell ko Lenovo, ta hanyar shigar da lambar da ke manne a ƙasanta. Manhajojin nan da ke alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya sukan zo da tarkacen talla, wani lokaci kuma su sa direban da bai dace ba.

Akwai kuma tilasta wa na'ura abin da ba a yi ta dominsa ba. Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a jikin na'ura, da CPU na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren AMD. Laftof da yawa a hannun ɗalibai da ma'aikata zubi na 4 zuwa na 6 ne, kuma masu gyara sun san dabarar tsallake wannan shinge. Dabarar tana aiki, sai dai Microsoft ya bayyana cewa ba ya ba irin waɗannan na'urori tabbacin samun sabuntawa. Core i5 ta zubi na 6 mai SSD da ram 8 takan yi aiki ba laifi, amma ƙaramar Celeron mai ram 4 da ma'ajiyar gigabait 32 ko 64, ɗora mata Windows 11 kamar ɗora wa kurar ruwa kayan tirela ne. Irin wannan ta fi samun sauƙi da manhaja marar nauyi kamar Linux Mint Xfce ko Lubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna wadatar da mai rubutu da shiga intanet.

Abin da aka zuba bayan Windows shi ma abin dubawa ne. Wasu shagunan, da niyyar kyautata wa mai kaya, sukan cika na'urar da manhajoji ashirin da bai nema ba, da dama daga cikinsu kuma suna tashi tare da kwamfutar. A sashen Startup na Task Manager ana iya hana duk wanda ba a buƙata tashi. Haɗa anti-bairos biyu ma kuskure ne, domin kowanne zai riƙa binciken abin da ɗayan ya taɓa. Defender da ke zuwa tare da Windows ya isa ga yawancin mutane. Mafi muni shi ne Windows da aka yi wa kwaskwarima da manhajojin fasa lasisi, waɗanda sai an kashe anti-bairos kafin su hau. Ta wannan ƙofa ake shigo da ɓoyayyun manhajoji, ciki har da masu haƙar kuɗin kirifto da ƙarfin na'urar mutum, sai a ga CPU na aiki tuƙuru, fanka na ihu, alhali ba a buɗe komai ba.

Yanayin Kano yana da nasa kason, kuma sau da yawa shi ake ɗora wa Windows. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ƙofofin iska, sannan zafin Afrilu, da kan haura digiri 40, ya zo ya tarar da su a toshe. Idan CPU ya yi zafi da yawa yakan rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, kuma ranakun farko bayan sabuwar manhaja su ne lokacin da ya fi shan aiki. Ajiye laftof a kan katifa ko darduma yana ƙara tsananta lamarin. A kai ta wurin mai gyara ya buɗe, ya share fankar, ya sauya man da ke tsakanin CPU da ƙarfen sanyaya shi. A duba caja kuma: wasu laftof, musamman na Dell, idan ba su gane cajar da aka jona musu ba sukan rage gudun CPU sosai. Alamar ita ce a ga Speed a Task Manager ya maƙale ƙasa da gigahaz 1 ko da ana aiki mai nauyi, a nan kuwa caja ta asali mai ƙarfin da ya dace ce magani. Haka nan yanayin tattalin batir yana rage gudu da gangan, don haka a duba Power mode kafin a zargi wani abu.

Wanda aka ɗora masa sabuwar Windows a kan tsohuwa ba tare da an share ma'ajiyar ba zai tarar da wata jaka mai suna Windows.old, wadda kan cinye gigabait masu yawa, kuma ma'ajiyar da ta kusa cika tana jawo nauyi. Bayan haɓakawa ta hanyar da aka saba, Windows kan goge ta da kanta a kwana 10, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne ake iya komawa tsohuwar manhajar. Kafin a goge ta ta hanyar Disk Cleanup, a leƙa ciki a tabbatar babu takardu ko hotunan da ake buƙata.

Idan duk an bi waɗannan matakai kuma aka tabbatar manhajar ce ta hau ba daidai ba, ko ba a amince da tushenta ba, a nan ne fomat ya zama dole. A fara kwashe fayiloli zuwa wata ma'ajiya, a samo filasha mai aƙalla gigabait 8, a ɗora mata Windows da Media Creation Tool, manhajar da ake saukewa daga shafin Microsoft, a kuma sauke direban Wi-Fi tun kafin a fara, domin ba kowace laftof ce ke iya shiga intanet da kanta bayan an gama ba.