Yadda Za Ka Zaɓi Na'urorin Gida Masu Sarrafa Kansu

Kafin ka sayi ko da ƙwan fitila ɗaya, ka fara tsayar da hanyar da na'urorinka za su riƙa magana da juna. A nan ne masu sabon haɗi suka fi tuntuɓe: a sayo kyamara daga wannan kamfani, soket daga wancan, a wayi gari waya ta cika da manhajoji, kuma babu na'urar da ta san da zaman 'yar'uwarta.

Wi-Fi ya fi sauƙi don ba ya buƙatar cibiya, wato na'ura ta musamman da ke haɗa sauran na'urori wuri guda, sai dai yana shan batir, kuma ƙaramar rawuta takan shaƙe idan na'urori suka yi mata yawa. Galibin na'urorin Wi-Fi mitar 2.4 GHz kawai suke ji. Idan rawutarka ta haɗe 2.4 da 5 GHz ƙarƙashin suna ɗaya, haɗin farko yakan ƙi. Kashe 5 GHz na ɗan lokaci, ka haɗa, sannan ka mayar.

Zigbee da Z-Wave, wasu hanyoyin sadarwa marasa waya masu cin wuta kaɗan, suna buƙatar cibiya, amma su ne suka dace da ƙananan na'urori irin na jin motsi da na buɗe ƙofa, waɗanda batirin CR2032 ɗaya kan riƙe su shekara ko fiye. Na'urorinsu suna miƙa wa juna saƙo har ya isa cibiya, amma masu jone da wuta ne kaɗai ke wannan aiki, masu batir barci suke yi. Saboda haka fara da sanya soket da makunni, kusan ɗaya a kowace mita 10, ka ƙara matso da su inda bangon kankare ya shiga tsakani, sannan ka haɗa masu batir a daidai inda za su zauna. Zigbee yana raba 2.4 GHz da Wi-Fi, don haka idan Wi-Fi ɗinka na tasha ta 1 ko ta 6, sa Zigbee a ta 25. Shi kuwa Z-Wave mitarsa ta bambanta da yanki: 908.42 MHz a Amurka, 868.42 MHz a Turai. Na'urar wani yanki ba za ta taɓa jin cibiyar wani ba.

Matter, ƙa'idar sadarwa ta bai ɗaya wanda ya fito a 2022 da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, shi ne ke sa na'ura ɗaya ta yi aiki da kowane tsari cikinsu. Ka nemi tambarinsa a kwali, ka kuma duba ko ta Wi-Fi take tafiya ko ta Thread, wata hanyar sadarwa mai kama da Zigbee. In ta Thread ce, sai da na'urar da za ta sada ta da rawuta, kamar HomePod mini ko Nest Hub zubi na biyu.

Tambayar da muke ganin ta fi kowace nauyi ita ce: idan intanet ta ɗauke, me zai ci gaba da aiki? Na'urori da yawa sai umarninka ya je sabar kamfani ya dawo kafin fitilar da ke saman kanka ta kama. A watan Afrilun 2022 kamfanin na'urorin gida Insteon ya rufe sabarsa ba tare da sanarwa ba, manhajarsa ta daina aiki a gidajen mutane. Gwajin ba wuya: sayi guda ɗaya, haɗa ta, zare wayar intanet daga rawuta ka bar Wi-Fi a kunne, ka gani. Wanda yake son komai ya tsaya cikin gida ya duba Home Assistant, manhajar da ke sarrafa na'urori daga cikin gida ba tare da sabar kamfani ba, kodayake tana son zama a koya.

Sai wayoyin bango. Makunni mai wayo yana shan 'yar wuta ko da fitila na kashe, shi ya sa yawancinsu ke buƙatar wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a cikin akwatin makunni, tsofaffin gidaje da yawa kuma ba a ja ta zuwa wurin ba. Ka sa ma'aikacin lantarki ya kashe wuta daga babban allo ya buɗe ya duba, ya auna zurfin akwatin kuma: na milimita 25 da wuya ya ɗauka, 35 zuwa 47 ake so. Akwai makunnan da ba sa buƙatar nutural, amma suna bi da 'yar wuta ta cikin ƙwan, sai ka ga ƙaramin LED yana ƙyafta ido ko yana ɗan haske cikin dare. Maganinsa ƙaramar kafasita da ake ɗaurawa a jikin fitilar. Idan gini ake yi yanzu, a ja nutural zuwa kowane makunni, wannan ba abin tsumulmula ba ne.

Tsakanin ƙwai mai wayo da makunni mai wayo, makunni ya fi dacewa da fitilun silin. Da zarar wani ya kashe makunnin bango, ƙwan ya mutu, babu manhajar da za ta tashe shi. Bar ƙwai ga fitilar gefen gado ko inda ake son sauya launi, ka kuma duba gindinsa, E27 mai murɗawa ne ko B22 mai ƙugiya. Ka tabbatar akwai saitin abin da zai yi idan wuta ta dawo, in ba haka ba duk fitilun gida za su kama da tsakar dare.

Kada ka yi wasa da nauyin kaya. Soket mai amfiya 10 a kan bolt 230 iyakarsa wat 2,300, kuma bai kamata ya daɗe a bakin iyakar ba. Na'urar sanyaya ɗaki da famfon ruwa suna fizgar wuta ninki da yawa lokacin tashi, har ƙarfen da ke cikin soket ya narke ya manne, ya ƙi kashewa. Irin waɗannan, da hitar ruwa, a bi da su ta kwantakta, wato makunnin lantarki mai ɗaukar kaya masu nauyi, na'urar mai wayo ta riƙa ba ta umarni kawai.

Kyamara kuwa, zaɓi mai ajiye hoto a katin microSD ko na'urar naɗa ta gida, ka canza kalmar sirrin da ta zo da ita ranar farko, ka kunna tantancewa mai mataki biyu. Makullin ƙofa dole ya kasance da ramin mabuɗi na hannu ko wurin jona batir daga waje, domin ranar da batirinsa zai ƙare wataƙila kana waje ne.