Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓa wa yaro bindigar farautar barewa ta farko a Amurka

A yankunan karkara na Amurka, musamman jihohi irin su Pensilbaniya da Wiskonsin da Teksas, farautar barewa mai farar wutsiya al'ada ce da ake gada daga iyaye, kuma da zarar watan Nuwamba ya matso sai uba ya fara tunanin bindigar da zai saya wa ɗansa ko 'yarsa mai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne kaliba, wato faɗin ramin bindiga da irin harsashin da aka ƙera ta domin ta ci. Lamarin ya sha bamban da na bindigar toka, wadda maharbi ke ɗura wa albarushi gwargwadon yadda ya ga dama. A nan harsashi da albarushi suna zuwa ne a rufe cikin kwanso guda daga masana'anta, saboda haka wanda ya zaɓi kaliba ya riga ya zaɓi irin shurin da bindigar za ta riƙa yi wa kafaɗar mai harbi.

Kuskuren da ya fi kowane yawa, kuma ya fi wuyar gyara, shi ne a miƙa wa yaro bindigar babansa ko ta kakansa, ko kuma a saya masa irinta da hujjar cewa zai girma ya same ta, kamar yadda ake ɗinka wa yaro rigar salla da ɗan yalwa. Galibin waɗannan bindigogi na gado suna cin .30-06 Springfield, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, ko .270 Winchester da ya fito a 1925. Dukansu harsasai ne nagari a hannun babban mutum, amma shurin .30-06 ya kusan ninka na .243 Winchester sau biyu, kuma yaron da nauyinsa bai wuce kilo arba'in ba yana karɓar wannan duka ne a kan ƙashi, domin bai tara naman kafaɗa ba tukuna.

Wanda ya taɓa tsayawa a bayan irin wannan yaro a filin gwajin harbi ya san yadda abin ke gudana. Harbin farko yakan faɗa kusa da tsakiyar allo, domin yaron bai san abin da ke tafe ba. A na biyu sai ka ga ya ƙanƙame bindigar, ya cije leɓe. Kafin na biyar ya riga ya fara rufe ido yana fizgar kunama maimakon ya matsa ta a hankali, harsasai kuma suna ta sauka ƙasa da inda ya saita. Idan uban ya tambaye shi ko akwai zafi, amsar kusan kullum guda ce: "A'a Baba, ba komai." Kunya da son burge uba ba za su bar shi ya faɗi gaskiya ba, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wannan zabura tana iya bin mutum har girmansa, ko da ya koma ƙaramar bindiga.

Akwai hanya mai sauƙi ta gano matsalar. Uban ya riƙa ɗura bindigar da kansa ba tare da yaron ya gani ba, wani lokaci ya sa harsashi na gaske, wani lokaci kuma ya sa na roba wanda ba ya tashi. Idan yaron ya matsa kunama a kan na roba, bakin bindigar ya yi ƙasa, idonsa kuma ya ƙifta, to tsoro ya riga ya shiga. Gyaran shi ne a ajiye babbar bindigar gaba ɗaya, a koma kan 'yar ƙaramar .22 wadda kusan ba ta shuri kuma harsashinta na da arha, a yi ta atisaye har hannu ya natsu, sannan a hau kalibar da ta dace da jikinsa.

Wacce ce ta dace? A ganina .243 Winchester, wanda ya fito a 1955 bayan an ɗauki kwanson wani harsashi mafi girma, .308, an tsuke wuyansa zuwa milimita shida, shi ne ma'aunin da ya kamata a gwada sauran da shi. Harsashinsa mai nauyin giren 100, wato kusan giram shida da rabi, yana barin bakin bindiga da gudun kusan mita 900 cikin daƙiƙa guda, kuma idan ya ratsa huhun barewa ba ta nisa. Yaron da ya ɗan yi ƙwari zai iya ɗaukar 6.5 Creedmoor na kamfanin Hornady, wanda ya fito a 2007, ko 7mm-08 Remington na 1980, waɗanda shurinsu ya ɗara na .243 kaɗan amma suna ɗaukar harsashi mafi nauyi. Tsohon .30-30 Winchester na 1895 ma yana nan da ransa a cikin kurmi, inda harbi ba ya cika wuce mita ɗari, sai dai tsofaffin bindigogin da ke cin sa suna da guduma a waje wadda ake saukewa da babban yatsa, kuma yatsan yaro a cikin sanyin asuba yana iya suɓucewa.

Wasu iyayen kuma, don gudun shuri, sai su zarce zuwa ɗaya gefen su sayi .223 Remington. Gwanin maharbi yana kashe barewa da shi idan ya sami harsashi mai ƙarfi, amma ƙaramin harsashi ba ya yafe kuskure, kuma yaron da zuciyarsa ke dukan uku-uku a harbinsa na farko shi ne ya fi kowa bukatar a yafe masa. Idan harsashin ya bugi ƙashin kafaɗa ko ya koma baya zuwa tumbi, sai a wuni ana bin sawun jini, wataƙila ma dabbar ta ɓace ta je ta mutu a wahale. Ban da haka, doka ta hana shi a wasu jihohi: Kolorado ba ta yarda da abin da bai kai kaliba .24 ba, wato faɗin inci 0.24, wajen manyan namun daji, Bajiniya kuma ta sa iyakarta a .23.

Wannan ya kawo mu ga masu sayen bindiga kafin su karanta dokar jihar da za a yi farautar, alhali kowace jiha tana da nata ƙa'idojin, kuma ana sauya su lokaci zuwa lokaci. A Ohayo, inda galibin ƙasa take shimfiɗe kuma gidaje ke kusa da gonaki, an daɗe ba a yarda da doguwar bindiga mai cin dogon zango wajen farautar barewa ba, sai a 2014 aka halatta harsasai masu miƙaƙƙen kwanso marar wuya, waɗanda ba sa tafiya da nisa sosai. Uban da ya sayi .243 domin farauta a can ya yi asarar kuɗinsa. Domin irin waɗannan jihohi ne kamfanin Winchester ya fitar da .350 Legend a 2019, shurinsa kuma mai sauƙi ne ga yaro. Tarkon da ke nan shi ne .450 Bushmaster, wanda shi ma doka ta amince da shi kuma mai kanti zai iya yabonsa, amma dukansa ya fi ƙarfin ƙaramar kafaɗa. A Kalifoniya kuwa, tun daga watan Yulin 2019 an haramta farauta da harsashin dalma, don haka sai an tabbatar ana samun na jan ƙarfe a kalibar da aka zaɓa.

Ko an dace da kaliba, ana iya kuskure wajen kwalin harsashi. A kan kanta guda za ka ga .243 mai giren 58 da mai giren 100 jere da juna, lamba ɗaya, kwali kusan iri ɗaya. Na farkon an yi shi ne domin ƙananan dabbobi masu ɓarna, yana tarwatsewa da zarar ya taɓa fata, ya bar mummunan rauni a sama ba tare da ya kai ga huhu ba. Na barewa shi ne mai giren 90 zuwa 100 wanda ke buɗewa a hankali yana ci gaba da kutsawa. Shi kuwa harsashin atisaye mai rufin ƙarfe gaba ɗaya, wanda ke wucewa ba tare da ya buɗe ba, jihohi da yawa sun hana farautar barewa da shi.

Sau da yawa kuma laifin da ake ɗora wa kaliba na jikin bindigar ne. Iyaye kan nemi mafi rashin nauyi domin kada yaro ya gaji da ɗauka, ba su san cewa gwargwadon rashin nauyin bindiga, gwargwadon ƙarfin shurinta ba, tunda babu abin da zai shanye ƙarfin sai kafaɗa. Tunda galibin yara suna harbi ne a zaune cikin rumfar dako, bindiga a ɗore kan sanduna, nauyi amfani yake musu. Tsawon gindin bindiga ma abin lura ne: na manya yakan kai inci 13 da rabi daga kunama zuwa ƙarshe, na yara kuma inci 12 ko 12 da rabi, kuma rigar sanyi mai kauri tana ƙara tazarar. Idan gindin ya yi tsawo, yaron zai ɗora shi a kan damtse, ya miƙa wuya yana neman gani ta madubin saiti, sai madubin ya dawo ya tsaga masa gira. Madubin da ke ba da tazarar inci uku da rabi zuwa huɗu tsakaninsa da ido yana rage wannan haɗari.

Ƙara ita ma tana sa zabura kamar yadda shuri ke sawa. Tashin irin waɗannan bindigogi yana haura desibel 140, abin da ke iya lalata ji tun a harbi guda, don haka a toshe wa yaro kunne da abin toshewa sannan a ɗora masa marufin kunne a kai. Ƙarfen nan mai hudoji da ake ɗaurawa a bakin bindiga yana rage shuri, amma yana mayar da ƙarar wajen mai harbi da wanda ke zaune kusa da shi, ni kam ba na son sa ga yaro.

Idan gida na da .308 ko .270 kuma babu halin sayen wata, akwai harsasan da aka rage wa ƙarfi da gangan, irin su Custom Lite na Hornady, waɗanda ke sassauta shuri kuma sun isa barewa a matsakaicin zango. Sai dai ba sa sauka daidai inda cikakken harsashi ke sauka, dole a sake daidaita madubin da su. Bayan haka a kafa farantin takarda mai faɗin inci takwas, kwatankwacin gurbin zuciya da huhun barewa, yaron ya harba sau biyar a zaune a kan sandunan da zai yi dako da su, sanye da rigar da zai sa ranar farauta. Nisan da duka biyar ɗin suka shiga farantin, mita hamsin ne ko ɗari, shi ne iyakar da za a bar shi ya yi harbi a wannan shekarar.