Yadda Ake Haɗa Waya da Sifika ko Iyafis ta Bluetooth

Da wuya yanzu ka shiga Keke Napep a garin Kaduna ba ka ji wa'azi ko waƙa na tashi daga wata 'yar sifika ba, wayar direba tana aljihunsa, babu igiyar da ta haɗa su. Wannan aikin Bluetooth ne, fasahar da kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya fara aiki a kanta a 1994. Ba ta cin data, ba ta cin kati, ko babu sabis tana aiki. Sai dai da yawa suna mayar wa mai shago da kaya lafiyayye, suna cewa ya ƙi kamawa, alhali matsalar daga wajen haɗawa take.

Fara da caji. Sifika ko iyafis mai ƙarancin batir takan kama ta saki, ko ma ta ƙi bayyana sam.

Bayan haka sai ka sa na'urar cikin yanayin neman waya, kuma nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kunna ta kawai ba ya isarwa a wasu lokuta. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe har fitilar ta fara ƙiftawa da sauri, a wasu ja da shuɗi suna karɓa-karɓa. Idan iyafis ce mai ɗan akwati, buɗe murfin ka bar su a ciki; wasu akwatunan suna da ƙaramin maɓalli da za ka danne na 'yan daƙiƙoƙi. Sifikun nan masu rediyo da wurin sa memori kuwa suna da maɓalli mai harafin M, shi za ka yi ta dannawa har ta koma ɓangaren Bluetooth.

Yanzu ka ɗauki waya, ka shiga saiti, ka kunna Bluetooth, ka jira ta gama laluben abin da ke kusa. Sunan da zai fito sau da yawa lambar ƙirar na'urar ce, don haka duba jikin kwalin. Taɓa sunan, in ta tambaye ka ka amince. Tsofaffin na'urori sukan nemi lamba: gwada 0000, in ta ƙi, 1234. Shi ke nan. Gobe da ka kunna su za su nemi juna da kansu.

To amma wannan tunawar ce ke jawo rigima a gidan yawa. Yawancin ƙananan sifiku waya ɗaya suke riƙewa a lokaci guda. Idan ƙaninka ya taɓa haɗa tasa, kuma yana ɗakin kusa da Bluetooth a kunne, sifikar za ta koma gare shi, kai kuma ka yi ta nema ba ka ganin ta. Ce masa ya kashe nasa. In har yanzu ta ƙi, shiga jerin na'urorin da wayarka ta sani, ka taɓa sunanta, ka zaɓi Forget ko Unpair, sannan ka sake haɗawa tun daga farko. A ganina wannan ya fi kai waya wurin mai gyara amfani nesa ba kusa ba.

Idan sauti na yankewa, duba tazara. Yawancin na'urorin hannu ba sa wuce mita 10, bangon bulo kuma yana rage wannan sosai. Jikin mutum ma yana tare saƙon, shi ya sa waya a aljihun baya takan sa iyafis ta yi ta sarƙewa. Mayar da ita aljihun gaba. Bluetooth na aiki ne a zangon gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma yake, tana tsalle tsakanin tashoshi 79 har sau 1,600 a daƙiƙa don kauce wa cunkoso. Duk da haka, a wuri mai cike da wayoyi irin Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi za ka iya jin ɗan katsewa. In saye za ka yi a can, haɗa da wayarka a gaban mai shagon, ka ɗan ja baya ka saurara, ka kuma gwada kira kafin ka biya.

Ta kama amma shiru? Ƙara murya a wayar da kuma jikin sifikar, ka duba an kunna Media audio a ƙarƙashin sunanta.

Tura hoto ko ɗan sauti tsakanin wayoyin Android biyu yana yiwuwa ta Bluetooth, amma bidiyo mai nauyi zai ɓata maka lokaci. Xender da ire-irensa Wi-Fi suke amfani da shi, shi ya sa suka fi sauri. iPhone kuwa ba ta karɓar fayil daga Android ta Bluetooth.

A wurin taro kamar tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, kada ka amince da neman haɗi daga sunan da ba ka sani ba. Kuma muddin waya na haɗe da sifika, saƙon murya na WhatsApp ta can zai fito, duk majalisa su ji abin da uwargida ta aiko. Kashe Bluetooth kafin ka buɗe shi.