Yadda zaka karanta kasuwar hasashe kan kasafin kuɗin gwamnati

Jama'a wanga abu ba wuya garai ba. A shafuka irin su Kalshi da Polymarket ana aza tambaya, misali ko gwamnatin Amurka zata ƙare shekara ba giɓi a kasafinta, wato ba ta kashe fiye da abin da ta samu ba, sai mutane su sayi "eh" ko "a'a", wanda ya canka daidai a biya shi dala 1 kan kowace ƙuri'ar da ya saya.

To farashin zaka fara dubawa. In "eh" tana kan santi 5 (santi 100 ne dala 1), ma'ana 'yan kasuwar na ganin yiwuwar abin kashi 5 cikin 100 ne kawai. Sannan ka karanta sharuɗɗan a natse, nan ne mutane ke ruɗewa, don shekarar kuɗi ta Amurka 30 ga Satumba take ƙarewa ba Disamba ba, kuma alkaluman baitulmalinsu ake bi ba alkawarin ɗan siyasa ba, ka ga ko minista ya fito ya rantse bai canza komi. Ka tuna rabon Amurka da rarar kasafi tun 2001.

Duba kuma yawan kuɗin da ke ciki, in kaɗan ne mutum guda na iya karkata farashin.

Ni dai shawarata a nan Sakkwato kallo kawai, kar ka zuba ko sisi, malamanmu sun gama magana kan caca. Karatun kyauta ne, kuma zai buɗe maka ido ranar da aka kai kasafin Najeriya majalisa, ka tambayi giɓin nawa ne, tunda dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ƙayyade shi a kashi 3 cikin 100 na GDP, wato darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara, ka kuma tambayi da wane bashi za a cike shi.